Daga Bitar Otal Zuwa Zaman Laraba: Yadda Malaman Wata Sakandare a Jihar Katsina Suka Koyi Koyarwa ta Waya

Makarantar da malamanta

Sakandare ce ta jeka-ka-dawo a wani gari da ke kudancin jihar Katsina. Mutanen gari ne suka gina ta da guminsu, kuma kwamitin iyaye da malamai ne ke riƙe da ita. Ana koyar da maza da mata, kowa ajinsa daban, daga aji ɗaya har aji shida. A farkon 2020 tana da malamai 23, mata 8 a cikinsu. Yawancinsu masu takardar NCE ne, masu digiri ba su da yawa.

Akwai wani ɗaki da ake kira ɗakin kwamfuta. Wani mai hali ya taɓa ba da kwamfutocin tebur guda 10, aka jera su aka lulluɓe da leda saboda ƙura. Wuta ba ta zama a unguwar, janareta kuwa sai lokacin rajistar jarrabawa ake tayar da shi. A cikin malaman, 17 suna da wayar Android, sauran 6 ƙaramar waya ce mai tocila a aljihunsu.

Kowa a makarantar ya san zamani ya juya. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, 'yan aji shida sukan biya kuɗi a wani shago a cikin gari don hannunsu ya saba da linzami kafin ranar. Jarrabawar hukumar rajistar malamai ta TRCN ma a kwamfuta ake yin ta. Amma a ganin malaman duk wannan harkar jarrabawa ce. Darasi kuwa allo ne da alli da littafin da malami ke kwafo bayani daga ciki.

Maris zuwa Agusta 2020: rufewar farko

Ranar 19 ga Maris 2020 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ba da umarnin rufe makarantu saboda annobar korona. Shugaban makarantar ya ɗauka abin na makonni biyu ne ko uku. Aka shiga azumi ranar 24 ga Afrilu ba labarin buɗewa, aka yi ƙaramar Sallah shiru. Ana ta jin manyan makarantun kuɗi na Abuja da Kano suna darasi ta Zoom, manhajar kiran bidiyo, iyaye suka fara tambaya. Sai shugaban ya kira malaman ɗaya bayan ɗaya ya ce a gwada.

Malamin lissafi na aji shida ne ya fara. Ɗalibansa 61. Ranar farko mutum 9 suka shigo, rabin lokacin ya tafi wajen "kuna ji na?", kuma da aka cika minti 40 manhajar ta katse, don iyakar abin da ake ba masu amfani da ita kyauta ke nan. A darasi na uku mutum 2 suka shigo. Ba a yi na huɗu ba.

Dalilan a fili suke ga duk wanda ya san garin. Wayar da ɗalibi zai yi amfani da ita ta mahaifinsa ce ko ta yayansa, kuma da ƙarfe 10 na safe tana kasuwa ko tana gona, ga damina ta faɗi. Kiran bidiyo na awa ɗaya yakan ci ɗaruruwan megabait. Sabis kuma a wasu unguwanni sai an fito ƙofar gida.

Sai aka koma WhatsApp. Aka buɗe zaure ɗaya tak na makarantar baki ɗaya, ya cika da mutum 256, adadin da manhajar ke ɗauka a lokacin, wasu suka rasa gurbi. Malamai suka riƙa ɗaukar hoton shafukan littafinsu suna turawa. Hotunan dishi-dishi, wasu a karkace, wasu da inuwar hannun mai ɗauka. Kafin ɗalibi ya gano darasin ajinsa sai ya ratsa gaisuwar Juma'a da wa'azi da tallan maganin korona. Babu malamin da ya nemi a dawo masa da jinga, babu kuma ɗalibin da ya kawo. Kafin babbar Sallah zauren ya zama na sanarwar rasuwa da ɗaurin aure.

'Yan aji shida sun koma a watan Agusta don jarrabawar WAEC da aka fara ranar 17 ga watan. Sauran azuzuwan sai a Oktoba. A tsawon wannan lokaci ba wanda ya zauna da malami ko ɗaya ya nuna masa yadda ake yin abin da aka ce ya yi.

Yuni da Yuli 2021: bitar kwana uku

A Disamba 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar kwana ta Ƙanƙara. An rufe makarantun kwana a jihar, kuma ko a wannan makaranta ta jeka-ka-dawo iyaye da yawa sun riƙe 'ya'yansu a gida na wani lokaci. Daga nan kwamitin ya gane cewa ba korona kaɗai ke iya raba yaro da aji ba.

Don haka da wata ƙungiya ta shirya bita a wani otal a babban birnin jihar a watan Yunin 2021, makarantar ta tura mutum biyu kamar yadda aka nema: malamin kwamfuta da mataimakin shugaba. Ina cikin waɗanda suka ba da wannan bita, shi ya sa na san abin da ke cikinta. A kwana uku mun bi ta kan Google Classroom (manhajar buɗe aji da ba da jinga ta intanet), da Zoom, da shirya darasi don majigi, da tsara tambayoyi a Google Forms, da naɗar bidiyo. An ba kowa aron kwamfutar tafi-da-gidanka, ga intanet na otal, ga sanyin na'ura. Da Turanci aka yi komai. A ranar ƙarshe aka raba takardar shaida da alawus, aka ɗauki hoto, aka karɓe kwamfutocin. A takardar jin ra'ayi kusan kowa ya rubuta cewa ya gamsu ƙwarai.

Tsarin shi ne waɗanda suka halarta su koma su koyar da 'yan uwansu. Wata Asabar a cikin Yuli aka tara malamai a ɗakin malamai, aka tayar da janareta. An ware awa uku, awa biyu suka tafi a kan kalmar sirri. Classroom ba ya buɗuwa sai da asusun Google, kuma asusun da ke kan wayoyin yawancinsu mai shagon da ya sayar musu da wayar ne ya buɗe shi, bai ba su kalmar ba, su ma ba su tambaya ba. In an nemi sauya ta sai a tura lamba zuwa wani layi da mai wayar ya daɗe da yarwa.

Malamai mata suka fara zamewa tun kafin azahar, don Asabar ranar wanki ce da sauran hidimar gida. Malamin Hausa, dattijo mai shekaru kusan 30 a aji, ya fita salla bai dawo ba. Daga baya ya gaya wa shugaban dalilinsa: malamin kwamfutar ɗalibinsa ne a da, kuma da ya kasa gano inda zai taɓa, yaron ya karɓi wayar daga hannunsa ya latsa masa a gaban jama'a, wasu suka yi dariya.

An buɗe azuzuwa 5 a Classroom ranar. Bayan wata guda na tambaya, ba a saka ko jinga ɗaya a cikinsu ba.

Satumba zuwa Disamba 2021: da sabis ya ɗauke

A watan Satumba aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda yaƙi da 'yan bindiga, kamar yadda aka yi a Zamfara da sassan Sakkwato da Kaduna. Garin yana cikin wuraren da abin ya shafa, kuma sai a Disamba aka fara maido da sabis. Duk abin da muka koyar a otal yana buƙatar intanet, don haka ya kwanta.

Makaranta tana buɗe, amma 'yan mata 7 na aji biyar da ke zuwa daga ƙauyukan kewaye sun daina zuwa, ga tsoron hanya ga taƙaita zirga-zirgar babura. Malamar Bayoloji, wadda ba ta je bita ba kuma tana cikin waɗanda suka tafi da wuri ranar Asabar ɗin, ta yi wani abu da ba wanda ya koya mata. Ta naɗi bayaninta da na'urar ɗaukar murya ta wayarta, da Hausa, tana kawo kalmomin fannin da Turanci tana fassarawa. Ta zana hoton zuciya a farar takarda ta ɗauka. Sai ta kai wa yaron da ke tura wa mutane fina-finai da waƙoƙi a bakin tasha, ya zuba mata a memori. Duk wanda zai shiga ƙauyen a ba shi ya kai. Ƙaramar waya mai tocila ma tana karanta memori, ba ta neman data.

Naɗin farko minti 35 ne. Saƙon da ya dawo mata shi ne barci ke ɗauke su kafin a kai rabi, kuma kukan jaririnta ya rufe wani wuri. Ta sake, ta yanka darasin gida-gida, kowane yanki bai wuce minti 4 ba, tana naɗa bayan sallar asuba kafin gida ya tashi. A ƙarshen kowane yanki ta sa tambaya ɗaya. Amsoshi suka fara dawowa a takardar da aka yago daga littafi, a ninke, ta hannun mai kawo memorin. Da aka yi jarrabawar ƙarshen zango, 5 daga cikin 7 ɗin sun zo sun rubuta.

Shugaban makarantar ya ga takardun a kan teburinta, ya tambaya, ya nemi ya saurari naɗin.

Daga Janairu 2022: zaman Laraba

Da sabon zango ya kama, shugaban ya cire darasin ƙarshe na ranar Laraba daga jadawali. Ɗalibai su fita wasanni da shara, malamai su zauna minti 45 a ɗakinsu, cikin lokacin aiki. Ƙa'idojin kaɗan ne. Kowa da wayarsa zai yi aiki, kuma ba mai karɓar wayar wani ya latsa masa, sai dai ya faɗa da baki ko ya nuna a tasa. Abu ɗaya ake koya a zama ɗaya. Abin da mutum ya haɗa, na darasin da zai koyar ne a wannan makon. Laraba mai zuwa kuma da sauraron aikin mutum biyu ake farawa.

Makonni biyun farko malamin kwamfuta ya bi kowa shi kaɗai, ya gyara masa asusu ko ya buɗe sabo, mai wayar ya rubuta kalmar sirrinsa da hannunsa a bayan littafin shirin darasi. Masu ƙananan wayoyi aka haɗa su da abokan aiki, kuma kowa shi ya zaɓi wanda zai zauna da shi. Daga nan malamar Bayoloji ta karɓi ragama. Mako guda a kan naɗar murya: a ina, da wane lokaci, tazarar baki da waya. Mako guda a kan hoton takarda: a rubuta da alƙalami mai kauri, haske ya fito ta bayan mai ɗauka, a tura a matsayin fayil don kada WhatsApp ya matse hoton rubutun ya dushe.

Waɗannan duk sun zo da sauƙi. Inda aka sha wuya shi ne mako na biyar, da aka ce kowa ya bayyana abu ɗaya daga darasinsa cikin minti 3 ba tare da karanto littafi ba. A aji malami yana da allo da zai juya ya yi rubutu, yana da fuskokin yara da zai duba, yana da "kun gane?" da za a amsa masa da "e" baki ɗaya. A naɗi babu ko ɗaya. Malamin Fiziks ya saurari nasa a gaban abokan aiki ya ce a kashe, ya ce shi kansa bai fahimci abin da mutumin nan ke faɗa ba. Mutane da dama suka gano cewa shekara da shekaru shifta suke yi wa yara, suna kiran ta bayani. An shafe makonni huɗu a wannan gaɓa maimakon ɗaya da aka tsara, ana ta maimaita tambayoyi biyu: wane misali za ka kawo daga abin da yaron ya sani, kuma wace tambaya za ka yi da za ta nuna maka ya gane ko bai gane ba?

Dattijon malamin Hausa ya dawo ne saboda zaman a lokacin aiki yake, ba yadda zai yi. Ya zaɓi zama kusa da malamar Bayoloji, yana ce mata "'yata", tana ce masa "Baba". Da aka kunna naɗinsa na farko, a kan yadda ake gane amsa-amo a rubutacciyar waƙa, ɗakin ya yi tsit. Ya san inda zai ɗaga murya, ya san inda zai dakata, ya rera baitin kafin ya warware shi. Daga ranar shi ake kai wa naɗi ya saurara kafin a tura. Har yau bai iya tura fayil shi kaɗai ba, kuma ba wanda ya damu.

Aka rushe tsohon zauren WhatsApp, aka buɗe wa kowane aji nasa. Malamai kaɗai ke iya turawa, sai daga magariba zuwa ƙarfe 9 na dare a buɗe wa ɗalibai. A taron iyaye shugaban ya roƙi abu ɗaya: aron waya na rabin awa bayan isha'i. Zaurukan 'yan mata malamai mata ne ke riƙe da su, kuma aka kafa doka cewa malami namiji ba ya tura wa ɗaliba saƙo ita kaɗai. Iyaye da yawa sai da suka ji wannan dokar suka yarda a sa lambarsu.

Kuɗin data da kwamitin ya fara bayarwa a hannu, cefane ya cinye shi, abin da ba zai ba kowa mamaki ba in ya san albashin malamin makarantar al'umma. Aka koma tura datar kai tsaye zuwa layin kowa. Aka kuma sa ƙaramin faifan sola a rufin ɗakin malamai don caji.

A Maris 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya tare da UNICEF da Microsoft suka ƙaddamar da dandalin karatu na Nigeria Learning Passport. An ba shi Laraba biyu. Malamai sun fi amfana da shi wajen shirya darasi, ɗalibai kaɗan ne suka iya shiga. Google Forms sai a zango na uku aka taɓa shi, ya kuma zauna a aji shida kawai, inda tambayoyin zaɓi da ke ba da maki nan take suka yi kama da abin da za su tarar a JAMB. A ƙananan azuzuwa an gwada an bari.

2023: tangarɗa

Bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu 2023 kuɗin mota ya tashi, malamai suka riƙa sauri su fita don su haɗa abin hawa ko su kama wata sana'ar. Zaman Laraba ya tsaya har mako shida. Malamai 3 daga cikin waɗanda suka fi ƙwarewa suka bar makarantar, naɗe-naɗensu suka tafi a wayoyinsu.

Gyara biyu aka yi. Aka dawo da zaman zuwa darasin da ke gaban hutun tara, lokacin da ba wanda zai iya tafiya. Aka kuma kunce ledar ɗaya daga cikin kwamfutocin nan 10, aka haɗa ta da solar, ta zama rumbu: kowane naɗi a ajiye kwafinsa bisa darasi da aji da mako. Sabon malami kuma a makonsa na farko ake haɗa shi da abokin zama.

Maris 2025: hutun azumi

A 2025 Katsina na cikin jihohi huɗu, tare da Kano da Bauchi da Kebbi, da suka rufe makarantu a watan Ramadan. 'Yan aji shida kuwa JAMB da WAEC na jiran su a ƙarshen Afrilu. Data ta ƙara tsada, don a Janairu aka amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin 100.

Makarantar tana da malamai 26 a lokacin, 21 suka tura darussa. Kowane fanni sau biyu a mako: murya ta minti 3 zuwa 5, hoto ɗaya, tambaya ɗaya. Saƙon murya na minti 3 bai kai megabait ɗaya ba, don haka tsadar ba ta hana ba. An sauya lokaci zuwa bayan sahur da bayan sallar asham. A cikin ɗalibai 74 na aji shida, 58 sun dawo da aiki a makon farko. A goman ƙarshe adadin ya sauka zuwa 41. Ɗalibai 11 ba su da wayar da ke hawa intanet a gidajensu, su aka bi da memori da takarda ta hannun maƙwabtansu 'yan ajinsu.

Hukunci

Ba zan ce wannan tsari ya ɗaga sakamakon jarrabawa ba, don abubuwan da ke taɓa sakamako suna da yawa kuma ba a auna su daban-daban ba. Abin da za a iya ƙirgawa shi ne malamai nawa suka iya isar da darasi ga yaron da ba ya gabansu, da yara nawa suka amsa. A 2020 mutum 9 ne suka koma 2. A 2025, 58 ne suka koma 41.

Bitarmu ta otal ta faɗi ne tun daga tsarinta. Mun koyar da mutum biyu a kan na'urar da ba tasu ba, da intanet ɗin da ba za su samu a gida ba, manhajoji biyar a kwana uku, muka ɗora musu nauyin koyar da mutum 21 a rana ɗaya ta hutu. Ba mu tambayi wace waya ce a aljihun malami ba, balle ta hannun wa ɗalibi zai karɓi saƙo. Takardar gamsuwar da muka tattara abincin otal da alawus ta auna.

Zaman Laraba ya yi aiki saboda shugaban makaranta ya sadaukar da darasi guda daga jadawali, wanda shi ne abu mafi tsada da aka kashe a duk lamarin. Abin da aka koya yau ana amfani da shi kafin mako ya zagayo, kuma mutum ya san abokan aikinsa za su saurara. Dokar hana karɓar wayar wani ta kare mutuncin manya, ba don ita ba da makarantar ta rasa mafi iya bayani a cikin malamanta. A ganina kuma makonni huɗun nan da aka yi ana koyon bayani cikin minti 3 sun fi duk sauran amfani, domin shugaban ya ce ya ga canjin har a cikin aji, a darussan da babu waya a cikinsu ko kaɗan.

Akwai inda tsarin bai kai ba. Gwajin kimiyya na ɗakin gwaje-gwaje ba ya yiwuwa ta murya. 'Yan aji ɗaya da biyu ba su cika amsawa ba sai in akwai babba a gida da ke zaunar da su. Yaran da ke karɓar memori suna samun darasi a makare, tambayarsu kuma takan kwana uku kafin ta iso. Malamai 5 har yanzu ba sa turawa, biyu daga cikinsu sun ce aikin ƙari ne da ba a biyan su a kansa, kuma kwamitin bai ba su amsa ba tukuna.